Yadda Za Ka Haɗa Yarenka Daga Harsunan Turai

Masu tambayata yadda ake wannan abu sun yi yawa, to ga shi nan a jere.

1. Zaɓi yare uku kawai. Ni dai Faransanci, Sifaniyanci da Italiyanci nake ba da shawara, tushensu ɗaya, Latin.

2. Rubuta kalmomi 100 na yau da kullum, ruwa, dare, uwa, ci, tafi.

3. Jera kowace kalma a yaren uku. Misali dare: nuit, noche, notte.

4. Ɗauki siffar da ta fi kama da sauran, kamar yadda Interlingua, wani ƙirƙirarren yare da aka haɗa daga harsunan Turai, ta tsaya a kan nocte.

Hattara a nan! Kar ka ɗauki kalma don ta yi maka daɗi a kunne, wallahi da yawa nan suke ɓata aikin, sai yaren ya koma Faransanci zalla ba su ankara ba.

5. Kowane harafi ba shi sauti ɗaya tak.

6. Yanke shawara kan yadda kalmomi za su ƙare. A Esperanto, shi ma ƙirƙirarren yare ne, suna na ƙarewa da -o, aikin yanzu -as, wanda ya wuce -is.

7. Fassara jimla goma.

8. Karanta su da ƙarfi, inda harshenka ya sarƙe ka koma mataki na 4.