Ƙyastu Ya Ƙi Ba da Wuta? Duba Waɗannan Kafin Ka Zargi Dutse

Duk wanda ya ƙyasta ya ƙyasta bai ga wuta ba, ƙanƙara, wato dutsen da ake ƙyastawa, yake fara ɗora wa laifi. Alhali tartsatsin nan daga ƙarfen ƙyastun yake fita: kaifin dutsen ne ke kankaro ɓurɓushinsa, ɓurɓushin ya kama da zafi. Shi ya sa guntun rodi ba ya yi, ya cika taushi. Nemi tsohon magagari ka kai wa maƙeri ya lanƙwasa maka, ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa. Na ga wani yaro a ƙauyenmu na wajen Ringim ya wuni yana dukan dutse da ƙusa, yatsa kawai ya fasa.

Dutsen ma yana da nasa. Marmara marmashewa take yi. Farin dutse mai ƙyalli ake so, a fasa shi ya fitar da baki mai kaifi. In bakin ya dakushe, sake fasawa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen tsumman da zai kama tartsatsin. Ba kowane ƙyalle ba. Yadin roba narkewa yake ya dunƙule. Tsohon zanen auduga zalla za ka yayyanka, ka zuba a gwangwanin man takalmi, ka huda murfin da ƙusa sau ɗaya, ka ɗora kan garwashi. Hayaƙi zai riƙa fita ta hudar. Da ya ɗauke, sauke, toshe hudar da tsinke, ka bar shi ya huce sarai. Masu gaggawa a nan suke buɗewa, iska ta shiga, su tarar da toka. Idan ya fito ruwan ƙasa bai gasu ba, mayar da shi. Baƙi wuluk ake nema, mai laushi.

Sannan a daina sara kamar ana faskare. Ɗora tsumman a saman dutsen dab da bakinsa, danne da babban yatsa, ka gogo ƙyastun ƙasa a karkace.

Jan ɗigo ya bayyana? Garwashi ne, bai zama harshen wuta ba tukuna. Naɗe shi cikin busasshiyar ciyawa da ka murtsuke, ko audugar rimi, ka hura a hankali, ka ƙara ƙarfi in hayaƙi ya yi kauri. Da damina ajiye tsumman a rufe, don raɓa kaɗai ta isa ta kashe shi. Da hunturu kuwa, matsa nesa da danga da rumbu.