Yadda ake rubuta rifot na bincike ba tare da an kwana a shagon firintin ba

Duk ƙarshen semista haka muke fama a nan Samaru kusa da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ɗalibai su cika min shago tun bayan la'asar har sai an kashe janareto, kowa da filas a hannu yana cewa oga don Allah gobe ƙarfe takwas za a karɓa. Ni ma na bi ta nan, na rubuta irin wannan rifot ɗin a kos ɗin koyon rubutun aiki, na sake rubuta na SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, da na dawo daga masana'anta, yanzu kuma ga shi shekaru ina taifin da gyaran na mutane, toh na ga mai kyau na kuma ga wanda ko mai shi ba zai iya karanta shi har ƙarshe ba. Shi ya sa na ce bari dai in faɗi abin da na sani.

Ƙanina rifot fa ba insha'i ba ne. A insha'i kana nuna wa malam ka iya Turanci ne, a rifot kuwa wani ne yake da matsala a gabansa yana jiran ka gaya masa me ka gano kuma me zai yi a kai. In ka riƙe wannan kaɗai rabin wahalar ta tafi. Kafin ka taɓa kwamfuta ka tambayi kanka wa zai karanta, ba lakcara ba, shi maki kawai zai ba ka, ina nufin mutumin da takardar za ta yi wa amfani, manajan kamfani ne, injiniya ne, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ne ko mai unguwa.

Sai maganar tofik, nan ne mutane suke faɗawa rami. Yaro zai zo min da "Matsalar ruwan sha a Najeriya", haba malam, kai kaɗai cikin sati shida? Taura biyu ma ba ta taunuwa balle buhu guda. Rage shi. Ka ce za ka duba ko ruwan rijiyoyi 8 a Hayin Dogo ya cika ƙa'idar ruwan sha a lokacin damina. Kaga yanzu akwai wuri, akwai adadi, akwai lokaci, kuma akwai amsar da za ta iya zama eh ko a'a, ga shi kana iya zuwa da ƙafarka ko ka hau mashin na 'yan kuɗi kaɗan. Ka rubuta tambayar a layi ɗaya ka kai wa lakcara ya sa hannu tun satin farko, kar ka yi nisa sannan a ce maka ba haka ba.

Daga nan sai karatu. Kashim Ibrahim Library, babban laburaren jami'ar, tana nan, kuma wallahi da yawa sai su gama digiri ba su san inda ake ajiye tsofaffin furojet da tesis ba, alhali nan za ka ga yadda na gabanka suka auna irin abin da kake son aunawa. In tofik ɗinka na noma ne ga IAR, cibiyar binciken aikin gona, nan kusa, in na dabbobi ne ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, a Shika, mutanen da ke wurin aikinsu kenan. A intanet kuma Google Scholar ya fi maka bincike na gama-gari nesa ba kusa ba. Abin da nake so ka yi shi ne duk takardar da ka karanta, a take ka rubuta sunan marubuci da shekara da sunan mujalla da shafi, ko a bayan littafinka ko ka zuba a Zotero, manhajar ajiye rifarens, tunda kyauta ne, domin na sha ganin mutum daren miƙawa yana neman inda ya samo wata magana da ya kwafa wata guda da ya wuce, ya rantse ya gani amma ya rasa a ina, ƙarshe sai dai a goge ta.

Kuma ka nemi ma'aunin da za ka gwada sakamakonka da shi. A misalinmu na ruwa akwai ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar a 2007, a ciki pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kasance tsakanin 6.5 zuwa 8.5, sinadarin naitiret kar ya wuce miligiram 50 a lita, ƙwayar cutar E. coli mai nuna gurɓata da kashi kuwa ko ɗaya kar a samu a cikin mililita 100. In babu irin wannan ma'aunin lambobinka ba su ce komai ba, ka ce pH 6.1 ne, toh sai me? Amma in ka ce ya gaza 6.5 ɗin da aka gindaya, yanzu ka yi magana.

Gani ya kori ji, sai ka fita fili. Ka fara gaida masu gida ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, in gidan da ba a shiga ne ka tafi da 'yar ajinku ta shiga ta ɗebo, ke kuma 'yar uwa in ke ce mai aikin wannan ya zo miki da sauƙi. Kwalba mai tsabta daga lab, a rubuta lamba a jikinta da rana da lokaci, a sa a kula mai ƙanƙara a kai lab a ranar, kar ka bar ta ta kwana a hostel a ƙarƙashin gado. Ka auna nisan rijiya da masai da tef, ba da ido ba, mafi ƙarancin tazarar da aka fi ambata ita ce mita 30. Komai ka rubuta a wurin, kar ka ce za ka tuna. Kuma a rifot ɗin ka kira su rijiya ta 1, rijiya ta 2, ba sunan mai gida ba, mutane sun ba ka ruwa ne ba su ba ka izinin tallata su ba.

Toh yanzu rubutun kansa. Shawarata kar ka fara daga gabatarwa, nan ne ake zama awa uku ana kallon farar takarda. Fara da babin hanyar bincike tunda labarin abin da ka yi ne da hannunka, me ka ɗauka, nawa, yaushe, da wace na'ura, ka rubuta shi yadda in wani ya ɗauki takardar zai iya maimaita aikin ba sai ya kira ka a waya ba. Sai sakamako, tebur da giraf, kowanne da lambarsa da takensa da ma'auninsa, domin 45 kawai babu miligiram babu mita ba lamba ba ce. Yawancin dipatmen na injiniyanci taken tebur a sama suke sa shi, na hoto a ƙasa, amma salon tsara rubutu da rifarens na APA bugu na 7 duka a sama yake sa su, saboda haka ka tambaya. Kuma duk teburin da ka saka ka yi magana a kansa a cikin rubutu, in ba ka da abin cewa a kansa cire shi.

Babin tattaunawa shi ne inda ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi kwafe, kuma shi ne aka fi yi wa rowa, sai ka ga shafi 12 na bitar ayyukan baya amma tattaunawa rabin shafi. Nan ne za ka ce me ya sa. In rijiyoyin da suka fi kusa da masai su ne suka fi ƙwayoyin cuta ka faɗa, in kuma wata tana nesa amma ta fi kowacce lalacewa kar ka ɓoye ta don ta ɓata maka tsari, ka koma ka duba, wataƙila ba ta da murfi, wataƙila gugar a ƙasa ake yar da ita, wannan rijiyar ɗaya tana iya zama abin da ya fi komai daraja a aikinka. Ka faɗi inda aikin ya gaza ma, sau ɗaya ka ɗebi ruwa, a watan Agusta kaɗai, ba ka san yadda abin yake da rani ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma malamin kirki maki yake ƙarawa a kan wannan.

Shawarwari kuma don Allah a daina rubuta "gwamnati ta sa baki". Wace gwamnati, ta yi me? Ka ce a ɗaga bakin rijiya ta 3 da ta 6 a yi musu murfi, a dinga tafasa ruwansu kafin sha, a sake gwaji bayan wata uku. Abin da mai unguwa zai iya tara mutane a kansa bayan sallar Juma'a kenan.

Sai ka gama duk wannan za ka dawo ka rubuta gabatarwa, domin yanzu ka san me kake gabatarwa. Abstirak, wato taƙaitawar aikin, shi ne ƙarshe duk da shi ne a gaba, kalma 150 zuwa 250, matsala, abin da ka yi, abin da ka samu da lambobinsa, abin da za a yi, shikenan. Manya da yawa shi kaɗai suke karantawa.

Batun rifarens ba dogon abu ba ne, APA sunan marubuci da shekara ake sawa a cikin rubutu a jera su a ƙarshe bisa haruffa, salon IEEE na 'yan injiniyanci kuma lamba ake sawa a jera su yadda suka zo. Ɗauki wanda aka ce kar ka gauraya. Duk abin da ba naka ba ka faɗi mai shi ko da ka sake masa kalmomi, yanzu ana zuba aiki a Turnitin mai gano kwafe, ko ba a zuba ba ma malam yana ganewa, Turancinka yana ɗingishi shafi uku kwatsam sai ya koma na Baturen Ingila a sakin layi ɗaya, wa za ka ruɗa? Haka masu sa ChatGPT ya rubuta musu, yana iya ƙirƙiro sunan takarda da marubucin da babu su a duniya, in ba ka buɗe takarda da idonka ba kar ta shiga jerinka.

Na ɓangarena kuma, ka yi amfani da salon kanu da ke cikin Word, Hedin 1 da Hedin 2, jerin abubuwan ciki zai fito da kansa da lambar shafi daidai, ba ka zauna kana danna ɗigo-ɗigo har gefe ba, da an ƙara layi ɗaya komai ya watse. Ka ajiye kwafi a imel ko ka tura wa kanka a WhatsApp, ni filas ya taɓa cinye min babi biyu saura kwana uku, har yau in na tuna sai na ji wani iri. Ka ba wani wanda ba ɗan dipatmen ɗinku ba ya karanta, duk inda ya tsaya ya ce me kake nufi a nan, wurin gyara ne.

In za ka zo firintin ka mayar da shi PDF tun daga ɗaki don kar teburanka su yi tsalle a kwamfutata, ka zo saura kwana biyu ba saura awa biyu ba saboda wuta ba ta da alƙawari, mu fara fitar da kwafi ɗaya ka zauna a benci da jan biro ka bi shi shafi-shafi, ka duba sunan lakcara da lambar rajistarka a bango domin nan aka fi yin kuskure, sannan a yi baindin.