Yadda ake shirya wa ƙungiya tafiyar ƙarshen mako zuwa duwatsun Shere

Masu tattakin safiyar Asabar sun fara yawa a Kano da Zariya da Kaduna. A fito bayan asuba, a zaga gari, wani sa'in a hau Dala ko Goron Dutse ko Kufena, a ɗauki hoto, a watse. Ana haka sai wani ya jefo shawara a WhatsApp cewa a je Jos. Shawarar ba laifi, sai dai Dala hawan 'yan mintoci ne. Duwatsun Shere da ke gabashin Jos kuwa ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga teku, shi kansa garin yana kan mita 1,200 da 'yan kai, kuma yini guda ake yi a cikinsu ana hawa ana gangarawa.

Na farko, lokaci. Ni a wurina Nuwamba ce. Ruwa ya ɗauke, duwatsu sun bushe, hazo bai kankama ba. Disamba da Janairu ma ana zuwa, amma sanyin Jos na lokacin ba wasa ba ne, kuma za ku iya shan wahalar hawa ku tarar hazo ya rufe komai. Da damina wurin ya fi kyau, kore shar, sai dai falalen dutse yana yin gansakuka, hadari kuma ba ya sallama. Sabuwar ƙungiya ta bar damina sai ta goge. Kowane wata kuka zaɓa, saura kwana biyu a kira wani mazaunin Jos a tambaye shi yadda gari yake da yadda hanya take. In ya ce a dakata, a dakata, ko an riga an ba direba kafin alƙalami. Masu bi ta dajin Falgore da Saminaka su tashi da sassafe ranar Juma'a, kada magariba ta same su a kan titi.

Na biyu, kuɗi. "Zan biya a mota" ita ke kashe tafiya. A naɗa ma'aji, a rufe karɓar kuɗi saura mako biyu, wanda bai biya ba ba ya cikin lissafi ko da shi ya kawo shawarar. Lissafin ya haɗa da shatar mota, masaukin dare biyu, abinci, sallamar 'yan jagora, da ɗakin direba da abincinsa, wanda ake mantawa sai an isa ya tsaya yana kallonku. Ku ɗora kashi goma cikin ɗari saboda faci da abin da ba a rasa ba. Bas mai cin mutum 18 a sa mutum 14 a cikinta, jakunkuna su samu wuri. Masauki ba sai mai tsada ba. Mutum uku a ɗaki, mata nasu daban, in dai akwai bargo da ruwan zafi, kuma a tambayi wannan tun a waya.

Na uku, gwaji. Asabar biyu kafin tafiya kowa ya fito da takalmin da zai sa a Shere, da jakar goyo mai ruwa lita biyu a ciki, a yi tafiyar awa uku. A nan za a gane wanda ya sayo sabon kambas don hoto. Sabon takalmi bororo yake yi wa dunduniya tun kafin hantsi, tsohon da ƙasansa ya suɗe kuma santsi yake ja. Silifas da takalmin fata na ofis a bar su a masauki. Jallabiya da doguwar abaya ma haka, ƙaya ke kama su, kuma mutum ba ya ganin inda yake taka ƙafa. Mata su sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ɗan madaidaicin hijabi, an samu sutura an samu sakewa.

Na huɗu, ɗan jagora, kuma biyu za ku ɗauka, ba ɗaya ba. Taswirar waya ba ta san hanyar ƙafa ba, sabis ma yana ɗaukewa a kwazazzabai. A yankin akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da shugabanci, wadda aka fi sani da ta 'yan Man O' War, kuma a ƙauyukan Afizere da ke gindin duwatsun akwai samarin da suka tashi suna hawansu. Ku bi ta hannun mai unguwa, a gaishe shi, a faɗa masa ku nawa ne da lokacin da za ku sauko. Inda ɗan jagora ya ce ba a hawa ko ba a ɗaukar hoto, ba gardama. Kada a tsallaka shingen ƙerana a ratsa gonar mutane don yanke.

To, ga inda ƙungiyoyi ke lalacewa, kuma a nan nake so shugaba ya natsu.

Da an fara hawa ayari yake rabuwa uku. Samari uku ko huɗu su yi gaba suna tsere, na tsakiya su bi a hankali, a baya kuma a bar wani Alhaji mai tumbi da wata baiwar Allah da numfashi ya fara yi wa wuya. Na gaba su samu inuwa su zauna, su sha ruwa, su yi hotuna. Na baya na isowa, gumi sharkaf, ko zama bai yi ba sai a miƙe a ce "to mu je". Wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai huta ba, kuma haka za a yi ta yi masa har ƙafarsa ta fara rawa. Dokar ita ce, ba a fara ƙirga hutu sai mutum na ƙarshe ya iso ya zauna. Minti goma daga zamansa, ba daga zaman na gaba ba.

Ɗan jagora ɗaya a gaba, ba mai wuce shi. A baya a sa wanda ya fi kowa ƙarfi da haƙuri, a ba shi usur da jakar magani, ba wanda zai kasance a bayansa. Samarin nan masu tsere, ka raba musu jakunkunan waɗanda suka gaji, za su lafa. Duk inda aka tsaya a kira suna ɗaya bayan ɗaya daga takarda. Ƙirga kawuna da ido yaudara ce, kowa sai ya ɗauka wane yana can tare da su wane.

Lokacin juyawa kuma a faɗe shi tun daren Juma'a, gaban kowa. In an fara hawa ƙarfe 7, ƙarfe 12 a juya, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Za a samu mai cewa "Shugaba, ga shi can fa, saura kaɗan." A kan dutse abin da ido ke gani kusa yakan ci awa guda, kuma sau da yawa in an isa sai a ga wani tudun a bayansa. Wanda ya kasa a hanya ba a barinsa shi kaɗai ya jira, ba a kuma ce masa ya koma shi kaɗai. Ɗan jagora na biyu da mutum ɗaya su sauka da shi. Amfanin ɗaukar biyu ke nan.

Saukowa ta fi hawa haɗari, don an gaji, an ga abin da aka zo gani, hankali ya koma kan abinci. Kafin a fara kowa ya sake ɗaure igiyar takalminsa tamau, in ba haka ba yatsu su yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, inda ya yi tsayi a juya gefe ko a zauna a ja jiki, ba abin kunya ba ne. Tsakuwar da ke kan falalen dutse ita ke kayar da mutane, ba manyan duwatsu ba. A gangare mai tsanani mutum ɗaya-ɗaya, na ƙasa ya kauce daga saitin na sama, in dutse ya ɓalle a yi ihu a ce "dutse!" Waya a aljihu. Rabin ruwan kowa ya kasance yana nan lokacin juyawa, kada a ƙarar da shi a alwala a sama. Hukuncin kasaru da taimama a tambayi malam tun a gida, ba a tsaya ana musu a kan dutse ba.

Sauran masu sauƙi ne. Guzuri dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi kaɗan don yana sa ƙishi. Jakar magani bandeji, filasta, man zafi da garin ORS na haɗa ruwan gishiri da sukari. Tocila biyu ko uku ko da ba a yi niyyar kai dare ba. Masu hawan jini, ciwon sukari ko asma su gaya wa shugaba a asirce, maganinsu a jikinsu. Ledar fiya wata da robobi a sauko da su.

Lahadi kada a sa wani hawa, cinyoyi ba za su yarda ba. A biya kasuwar Farin Gada a yi tsarabar dankalin Turawa da kabeji, a kama hanya kafin ƙarfe 10. Masu komawa ta Hawan Kibo suna iya tsayawa a dutsen Riyom da magangarar ruwan Assop, amma ban da iyo. Ma'aji ya kawo lissafi cikin kwana uku, ragowar kuɗi a mayar ko a ajiye da yardar kowa.

Za a fara maganar zuwa tsaunin Mambila na jihar Taraba tun a mota. Wannan ba ta ƙarshen mako ba ce. Daga Jalingo ta Bali da Serti zuwa Gembu kaɗai yini ne, Chappal Waddi kuma, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, sai da izinin hukumar gandun da ma'aikatanta, da kwana a daji. A ware mata mako guda cikin rani, kuma waɗanda suka je Shere suka sauko da ƙafarsu kaɗai za a rubuta.