Yadda na gyara birkin gaba na tsohuwar Cressida

Cressida ta 1990 ce, a cikin garin Makka birkinta lafiya lau. Amma in na gangaro daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada, kafin in kai ƙasan dutsen sai fedar ta yi laushi, ƙauri ya cika motar.

Na kai wa bakanikenmu, wani dattijo Bakano a Sina'iyya, unguwar garejoji. Da ya cire taya sai ya ce, "Ɗana, taɓa nan." Faifan birkin ya sirance, gefensa har ya yi kaifi, ya gaza mafi ƙarancin kaurin da aka rubuta a jikinsa. Muka sa sababbin faifai biyu da fad masu jure zafi, muka wanke fil ɗin kalifa (abin da ke matse fad a jikin faifai) da ya cije, muka shafa giris. Tiyon roba ma duk ya tsattsage, muka canza.

Man birkin kuwa ya yi baƙi ƙirin. Shi yakan tsotsi danshi, in ya ɗau zafi ya tafasa, feda ta nutse. Muka zubar, muka zuba mai samfurin DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius; DOT 3 kuwa 205 ne. Muka fitar da iska taya bayan taya.

Yanzu da giya ta biyu nake sauka Hada, fedar kuma tana nan da taurinta har ƙasa.