Yadda Ake Jinyar Ɗan Kunkurun Ruwa Idan Ya Kwanta Ciwo

Ɗan kunkurun ruwa, wanda wasu ke kira kififiya, ba ya kuka kuma ba ya nishi. Kafin mai shi ya lura da wani abu, sau da yawa ciwon ya kwana biyu a jikinsa. Irin wanda yara ke tsinta a bakin kududdufi da damina, tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma jiki ƙarami irin wannan ba shi da ajiyar ƙarfin da zai daɗe yana fama. Saboda haka ranar da ka ga ya ƙi cin abinci, ko idonsa a rufe, ko yana yini wuri guda ba motsi, ranar za ka fara aiki.

Fara da ɗumi, kafin maganar magani

Kunkuru ba ya samar da zafin jikinsa da kansa kamar akuya ko kaza. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Idan ruwa ya yi sanyi, cikinsa ya daina narkar da abinci, garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko maganin da likita ya ba shi ba ya aiki yadda ya kamata. Shi ya sa ciwon 'ya'yan kunkuru ya fi yawa da hunturu, a Disamba da Janairu, lokacin da ruwan da ya kwana a roba a tsakar gida ke wayewa kamar daga randa aka ɗebo shi.

Sayi ma'aunin zafi na ruwa, kada ka dogara da yatsa. Mai lafiya yana son ruwa mai digiri 26 zuwa 28, marar lafiya kuwa a riƙe masa a 28 zuwa 29, dare da rana. Ƙaramar hitar tankin kifi mai wat 25 ta isa ruwa lita 10 zuwa 20. Inda wuta ba ta tsayawa, cika gorar roba da ruwan ɗumi daga fulas, ka rufe ta sosai, ka kwantar da ita a gefen robar, ka lulluɓe rabin saman da bargo, ka sauya gorar idan ta huce. Kada ka tsiyaya ruwan zafi kai tsaye a kansa. Kuma idan ya riga ya sandare da sanyi, a ɗaga zafin a hankali cikin awa biyu ko uku.

Sai wurin shanya jiki. Sa faffaɗan dutse ko guntun tayil da ya fito saman ruwa, mai gangare yadda zai hau ba wahala, ka rataya ƙwan fitila mai zafi na wat 40 kamar santimita 25 zuwa 30 a samansa, har saman dutsen ya kai digiri 31 zuwa 33. Ƙwan LED haske kawai yake bayarwa, ba ya ɗumama komai. A kashe fitilar da dare.

Ka rage ruwan. Marar lafiya yana gajiya da iyo, kuma kunkuru yana nutsewa ya mutu kamar kowace dabba mai huhu. Ruwan ya ɗan rufe bayansa kawai, yadda zai miƙa wuya ya shaƙi iska ƙafafunsa na ƙasa. Kwashe tsakuwa duka, don yana haɗiye ta ta toshe masa hanji. Sauya ruwan kullum da wanda zafinsa ya yi daidai da na da. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi saboda kulorin. In yana tare da wasu, ware shi.

Duba shi da kyau

Kumfa ko majina a hanci, buɗe baki don numfashi, miƙa wuya sama, ƙara kamar fito, ko kuma ya riƙa yawo saman ruwa a karkace gefe ɗaya ya kasa nutsewa: wannan ciwon huhu ne. Karkacewar tana faruwa ne saboda huhu ɗaya ya cika ya yi nauyi. Kunkuru ba ya iya tari, don haka abin da ya taru a huhunsa ba shi da hanyar fita. Ɗumi zai taimaka masa ya jure, amma ba zai warkar da shi ba. Yana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta daga likitan dabbobi, a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kumburin ido shi ne abin da aka fi gani. Fatar idon ta kumbura ta rufe, shi kuma ba ya cin abin da bai gani ba, sai yunwa ta haɗu da ciwo. Dalili biyu ne galibi: ƙazamin ruwa, ko ƙarancin bitamin A daga cin abu ɗaya tilo. Sayi ruwan gishirin asibiti, nomal salin, a kyamis, ka ɗiga masa ɗigo biyu a kowane ido da sirinji marar allura sau biyu a rana. Kada ka ɓamɓare idon da hannu. Idan kwana uku zuwa huɗu suka wuce bai buɗe ba duk da tsaftar ruwa da ɗumi, ko ka ga wani farin abu ya taru a ciki, kai shi asibiti. Allurar bitamin A aikin likita ce, domin in ta yi yawa fatar kunkurun saɓulewa take yi.

Sai laushin ƙoƙon baya. Na jariri dama yana ɗan lanƙwasawa kaɗan a gefe, wannan ba ciwo ba ne. Amma idan ka danna a hankali ka ji ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali, ko haɓarsa ta yi laushi, ko yana jan ƙafafun baya, to ƙashinsa ne ya rasa kalsiyam. Wannan ciwon na kunkurun da aka kulle a ɗaki ana ba shi tsokar nama ko burodi ne. Tsoka zalla kusan ba ta da kalsiyam, kuma ko da ya ci kalsiyam ɗin, jikinsa ba zai amfana da shi ba sai hasken rana ya taɓa fatarsa ya samar da bitamin D3. Gilashin taga yana tare wannan hasken, don haka ajiye shi bayan taga aikin banza ne. Fitar da shi hantsi, tsakanin ƙarfe 8 da 10, na minti 20 zuwa 30, rabin robar a inuwa, kai kuma kana tsaye a kansa. Da bazara ruwa kaɗan a roba yana zafi ya kashe shi cikin mintuna, ga shaho da mage. Don kalsiyam, tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi laushi kamar gari, ka barbaɗa ɗan kaɗan a abincinsa sau uku a mako. Ƙoƙon yana ɗaukar watanni kafin ya yi tauri, kuma inda ya riga ya karkace ba ya miƙewa.

Fararen tabo masu laushi ko wari a ƙoƙo ruɓa ce. Sirka maganin miki na ayodin, irin su Betadine, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma har ya yi launin shayi marar kauri, ka goge wurin da auduga, ka bar shi a busasshen kwano mai ɗumi na awa ɗaya zuwa biyu, sannan ka mayar da shi ruwa. Kullum sau ɗaya. Jariri yana bushewa da wuri, kada a bar shi ya yini a waje. Ramin da ya yi zurfi ko yake fitar da jini ya wuce aikin gida, haka ma ƙullutu a gefen kai bayan ido, wanda mugunya ce ta daskare a kunne, sai an tsaga an cire.

Abinci

Wanda bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba zai iya yin mako guda bai ci ba, yana rayuwa da ragowar gwaiduwa a cibiyarsa. Kada ka taɓa ta. Sauran kuwa, bayan kwana biyu a ɗumi, gwada masa abu mai motsi: ƙaramar tana, gara, tsutsar sauro, ƙaramin kifi da ƙashinsa da kayan cikinsa. Motsi ne ke tayar masa da sha'awa. A cikin ruwa za ka ba shi, don a nan yake iya haɗiya. Abinci daidai girman ƙoƙon kansa sau ɗaya a rana ya isa, abin da ya rage bayan minti 15 a kwashe. Ƙwaron da aka fesa wa magani guba ne gare shi. Kada ka ɗura masa abinci ko ruwa da ƙarfi, domin ƙofar numfashinsa tana gindin harshe ne, ɗigo ɗaya ya isa ya shiga huhu.

Auna shi duk kwana uku da ƙaramin sikeli mai nuna giram, ka rubuta. In ya rage kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, lokacin ganin likita ya yi.

Abubuwan da ke kashe shi a hannun mai son taimako

Maganin tsutsa Ivermectin da ake yi wa awaki da tumaki yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi, ko da kaɗan ne. Faɗa wa duk wanda zai duba shi, tunda ba kowane mai sayar da maganin dabbobi ne ya san haka ba. Dettol da Izal ba sa shiga ruwansa ko wankin robarsa. Kada a fasa kafso na mutane a zuba masa a ruwa, kada a shafa masa man ja ko man kaɗanya a ƙoƙo, maiƙo yana rufe datti ne ya ƙara ruɓa.

Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da suka fi dacewa a fara tambaya. Ɗauke shi a ƙaramin kwali mai huji, a kan ɗanyen tsumma mai ɗumi, ba cikin ruwa ba, don kada girgizar hanya ta shaƙe shi. Tafi da takardar nauyinsa.

Ka kuma kare gidanka. Kunkuru, ko mai lafiya, yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, har ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa shi ko ruwansa, zubar da ruwan nesa da madafa da wurin wanke-wanke, robarsa da sosonsa su zama nasa shi kaɗai, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya tsaya a kallo.