Yadda Ake Gane Zarto Mai Kyau a Cikin Kayan Gwanjo

Wanda ya shiga Tsohuwar Kasuwa a Sakkwato yana neman zarto na hannu, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne ƙyalli, alhali ƙyalli ba ya yanka katako. Abin da kake saye shi ne ƙarfen, domin mariƙi ana sake shi, tsatsa ana goge ta, haƙora ana wasa su, amma ƙarfen da ya mutu ba shi da magani.

Ka fara da kallon haƙora a cikin haske. Idan ka ga bakinsu ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, ya bambanta da sauran jikin zarton, to irin na zamani ne da aka ƙona haƙoransa a masana'anta don su yi tauri. Yana ci sosai yana sabo, sai dai magagari ba ya kama shi, saboda haka ranar da ya dakushe ya gama aiki. A ganina sayen irinsa na hannu asarar kuɗi ce, ko da mai kaya ya ce da araha zai bar maka. Wanda ake nema shi ne mai launi ɗaya daga baya har haƙora, wanda magagari mai kusurwa uku zai iya wasawa shekara da shekaru.

Daga nan sai ka riƙe mariƙin kusa da idonka, ka miƙa zarton gaba, ka bi layin haƙora da ido har ƙarshe. Ɗan lanƙwasa mai tafiya a hankali ba abin damuwa ba ne, hannu ma yana iya mayar da shi. Wanda ake gudu shi ne karyewar wuri ɗaya, inda ƙarfen ya yi gwiwa saboda an tura shi da ƙarfi ya maƙale a katako, domin irin wannan zarto zai riƙa kauce wa layin da ka zana komai ƙwarewarka. Sannan, da izinin mai kaya, ka kama ƙarshen zarton ka tanƙwara shi kaɗan ka saki. Ƙarfe mai rai yana komawa miƙe nan take, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi da yatsa za ka ji amo mai tsawo. Wanda ya tsaya a karkace, ka ajiye shi.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama kananzir da samfefa suna fitar da ita, kuma a gari mai bushewa irin namu ba ta saurin dawowa in ana shafa mai lokacin damina. Amma wadda ta ci ramuka, musamman kusa da haƙora, ita ce matsala, saboda duk haƙorin da wasawa ta kai shi kan rami zai gutsure. Ka kuma duba faɗin ƙarfen: idan ƙarshensa ya tsuke ya zama siriri ƙwarai, an wasa shi har ya kusa ƙarewa.

Ka san aikin da za ka yi da shi kafin ka biya. Zarton tsaga katako a tsawonsa haƙoransa manya ne, kamar 4 zuwa 6 a inci guda, shi kuwa na yankewa a gicciye ƙanana ne, 8 zuwa 12, kuma an wasa su kamar wuƙa. A duka biyun, haƙora suna ɗan karkata, ɗaya dama ɗaya hagu, don hanyar da suka buɗe ta fi kaurin ƙarfen. In sun kwanta ana iya sake buɗe su, kuma rashin haƙori ɗaya ba ya hana aiki, amma uku ko huɗu a jere na nuna ƙarfen ya yi gautsi.

Mariƙi ba ya buƙatar dogon bincike. Zafi da hunturu suna busar da icce har notin su saki, wannan ɗaurewa kawai yake so, sai dai ka tabbata gara ba ta shiga ba, kuma bai tsage ta wajen notin ba. A jikin babban notin ne ake samun tambarin kamfani. Disston na Filadelfiya a Amurka, wanda aka kafa a 1840, da Spear & Jackson na Shafil a Ingila, sunaye ne da suka yi fice, kuma tsofaffin zartunansu masu kyau bayansu ya fi wajen haƙora siranta, abin da ke hana su maƙalewa. Duk da haka noti ana cire shi a ɗaura wa wani zarto, don haka tambari shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ka tafi da guntun katako a aljihu, in so samu ne mai tauri kamar maɗaci. Ka ja layi, ka yanka ba tare da dannawa ba. Dakushewa ba laifi ba ce, dalili ne na neman ragi, amma idan zarton yana rawa ko yana tsayawa a wuri ɗaya duk lokacin da ka tura, ka sake ɗaga shi ka duba layin haƙoran a daidai wurin.