Yadda Ake Koyon Wasan Poka Ba Tare da Caca Ba

Duk wanda na zaunar a majalisarmu ta Jekadafari don koya masa poka, cuta ɗaya nake samunsa da ita: hannunsa ya saba da whot. A whot, abin da aka raba maka da shi za ka yi ta fama har ƙarshe. A poka kuwa, yawancin kartar da ta zo hannunka kifewa ake yi a ajiye. Wanda bai yarda da wannan ba, ko shekara ya yi yana zama ba zai iya ba.

Kafin komai, sharaɗina ɗaya ne: ba a sa kuɗi. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda. Mu ƙwallon dabino muke ƙirgawa, kowa 100, idan an tashi a mayar da su gwangwani. Duk wanda ya ce a ɗan sa wani abu don wasa ya yi armashi, a sallame shi tun kafin a raba. Kada kuma ka ɓata kuɗinka wajen sayen 'yan robobin nan masu launi da ake gani a bidiyo, murfin lemon kwalba ma ya wadatar. Abin da ya cancanci saye shi ne karta mai 52, ta roba, domin ta takarda ba ta jure gumin Gombe a watan Afrilu, kuma da zarar gefen guda ya lanƙwashe kowa ya gane ta daga baya.

Nau'in da za ka fara da shi Texas Hold'em ne, wanda ake bugawa a babbar gasar duniya da aka soma a Las Vegas ta Amurka a 1970. Mutum biyu na hagun mai rabo su ne ke zuba tilas, na farko ƙwallo 1, na biyu 2. A ba kowa karta 2 a kife. A zagaya. Sai a buɗe 3 a tsakiya, a zagaya, a buɗe ta huɗu, a zagaya, a buɗe ta biyar, a yi zagayen ƙarshe. A kowane zagaye, idan layi ya zo kanka ko ka bi, wato ka zuba daidai da abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka kife, wato ka janye daga wannan rabon, ko ka wuce in babu wanda ya zuba kafinka. Daga karta 7 da kake iya gani, 5 mafi kyau su ne hannunka, kuma wanda hannunsa ya fi daraja cikin waɗanda ba su kife ba shi ke kwashe ƙwallayen da aka zuba.

Haddace darajar hannu daga ƙasa zuwa sama: babbar karta, tagwaye, tagwaye biyu, 'yan uku, jeren lamba biyar, biyar masu zane ɗaya, uku da biyu, 'yan huɗu, sai jere mai zane ɗaya. Zane na ce, ba launi ba. Mai zuciya da mai kusurwa huɗu duk ja ne amma ba sa haɗuwa. Inda ake yawan musu shi ne tsakanin jere da zane ɗaya. Zane ɗaya ya fi, saboda ya fi wuyar samu: a cikin hannuwa 2,598,960 da karta biyar za su iya bayarwa, jere 10,200 ne, zane ɗaya 5,108 kawai.

Yanzu ga wurin da ni kaina na sha wahala. Watannina na farko ba na kife komai. A ba ni 9 da 4 masu zane daban, sai zuciyata ta ce ai ƙwallo biyu ne kawai, bari in ga ukun tsakiya. Su fito, in ga 4 a ciki, in ce na samu tagwaye, in bi. Ta huɗu ta fito, na riga na zuba da yawa, kunya ta hana ni janyewa. A ƙarshe wani ya buɗe tagwayen K, kartar da A kaɗai ta fi ta girma, ni ina riƙe da tagwayen 4. Ba hannu ɗaya ne ke cinye mutum ba, biyu-biyu da biyar-biyar ɗin nan ne, kafin a kira Isha gabanka ya zama fili.

Maganin da na samu shi ne tsauri tun a karta biyun farko. A teburin mutum shida, ka yi wasa da tagwaye, da manya biyu kamar A da K, A da Q, K da Q, da masu bin juna a zane ɗaya kamar 9 da 10. Sauran kife su. Za ka ga kana shiga kusan hannu ɗaya cikin biyar, kuma zaman zai gundure ka. Daure. Kada kuma ka ce sai A biyu za ka jira, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Lokacin da ka kife, ba waya za ka ɗauka ba. Zuba ido ka ga wa ke ƙarawa kullum, wa ba ya motsi sai da abin kirki. Kuma wurin zamanka yana da tasiri: wanda zai yi magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, don haka yana iya sassautawa, na farko kuwa ya ƙara tsauri. Idan ka yanke shawarar shiga, shiga da ƙari, kada ka lallaɓo.

Lissafi ɗaya nake tilasta wa ɗalibaina. Kana da karta 4 masu zane ɗaya bayan an buɗe ukun tsakiya. Kowane zane 13 ne, saura 9 ke nan cikin 47 da ba ka gani ba. Damar ta zo a karta ta gaba kusan ɗaya cikin biyar ce. To dubi tulin tsakiya, wato ƙwallayen da aka riga aka zuba. Idan akwai 30 kuma 5 ake nema ka bi, bi. Idan 15 ake nema, kife, ko da ranka na so.

Burga, wato zuba da yawa da hannun banza don a tsorata a kife, ita ce kowa ke ɗokin koya. Bar ta sai ka yi wata uku. Sababbin 'yan wasa ba sa kifewa, to wa za ka tsorata? A zagaye biyun ƙarshe dokar gajeriya ce: kana da hannu, zuba kamar rabin tulin tsakiya, mai shiru-shiru ya ƙara maka, yarda da shi ka kife. Wanda aka bi shi a ƙarshe shi ke fara buɗe kartarsa, in an yi kunnen doki a raba ƙwallayen daidai, rabo kuma ya koma hannun na hagu.